Abin da Kujerar Baya Ta Koya Mini Game da Zaɓen Fina-finai

A daren da aka fara haska fim ɗin da ni da kaina na zaɓa, mutum tara ne suka sayi tikiti a ɗakin kallo mai kujeru 140, kuma kafin a kai rabi huɗu daga cikinsu sun tashi sun fita. Ina tsaye a bakin ƙofa lokacin da biyun ƙarshe suka wuce ni, wani magidanci da matarsa, ba su ce mini komai ba, sai dai mijin ya ɗan sunkuyar da kai kamar mai neman afuwa. Fim ɗin ya haura awa uku, maganar cikinsa kaɗan ce, kyamara kuma takan tsaya wuri ɗaya ta daɗe tana kallon abu ɗaya. Sau biyu na kalle shi a kwamfutata, ni kaɗai cikin dare, ya ratsa ni ƙwarai, har na sa a raina cewa duk wanda ya gan shi zai ji abin da na ji. Saboda haka na ba shi daren Juma'a da ƙarfe takwas, wato lokacin da ya fi kowane daraja a jadawalinmu.

Silimar tamu ƙarama ce mai zaman kanta, allo ɗaya gare ta, kuma ba ta ƙarƙashin manyan kamfanonin nan masu rassa da yawa waɗanda babban ofishi ke aiko musu da jerin abin da za su haska kowane mako. A irin wannan gida dole a sami mutum ɗaya da zai zauna ya yanke shawarar abin da zai hau allo, da ranar da zai hau, da kuma abin da zai biyo bayansa. Wannan aikin aka damƙa mini shekara bakwai da suka wuce, ba don na taɓa yin sa ba, sai don an san ni da yawan kallo da yawan karatu a kan fim. A lokacin na ɗauka cewa sanin fim mai kyau shi ne aikin gaba ɗaya.

Mai kula da majigin gidan dattijo ne wanda ya fara aiki tun zamanin da fim ke zuwa a naɗe a faya-fayan milimita 35, ana ɗora su ɗaya bayan ɗaya. Bayan an kunna fitilu a wannan daren, ya sauko daga ɗakinsa ya same ni ina tattara takardu. Ya ce, "Ɗana, fim ɗin nan ba shi da laifi ko kaɗan. Amma ka taɓa tambayar kanka wane ne ke shigowa nan ranar Juma'a da dare, kuma daga ina ya fito?" Na ce, "Baba, ai abu mai kyau ko yaushe aka kawo shi mai kyau ne." Ya yi shiru, sannan ya nuna mini kujerar ƙarshe a layin baya, ta kusa da bango, ya ce daga gobe in riƙa zama a can duk lokacin da ake haska abin da na zaɓa, tun daga farko har a kunna fitila, kuma in rage kallon allo in ƙara kallon ƙeyar mutane. Shawarar ta yi mini nauyi, domin na riga na ga fina-finan, kuma aiki ya yi mini yawa a ofis. Na bi ta ne kawai saboda girmansa a idona.

Gani ya kori ji. A wannan kujerar na fara gane cewa ɗakin kallo yana da numfashi irin nasa. Idan fim ya kama mutane, tari yakan ɗauke, kujeru su daina ƙara, kawuna su tsaya cak. Idan kuwa ya fara suɓuce musu, abin da ke fara bayyana shi ne hasken waya a can gefe, sai na biyu, sai wani ya gyara zama, kuma kusan kullum a minti ɗaya abin ke faruwa ko da mutanen daren jiya daban ne da na yau. Na soma rubuta waɗannan mintocin a wani ɗan littafi. Na kuma gane cewa dariya tana buƙatar jama'a, domin fim ɗin barkwanci da ya girgiza ɗaki cike ranar Asabar, idan aka haska shi ga mutum goma sha biyu ranar Talata sai ya zama kamar wani fim daban, kowa yana jin kunyar a ji muryarsa. Mutumin daren Juma'a ya fito daga aikin mako guda ne a gajiye, sau da yawa tare da wani da ya gayyato kuma yake jin nauyin kada ya ba shi kunya. Mutumin yammacin Lahadi kuwa ya huta, ya zo shi kaɗai ko da abokin da suka saba, kuma a shirye yake ya ba fim awa uku. Tsofaffi sun fi son haskawar rana don su koma gida da haske, ɗalibai kuma ba sa ƙin ƙarfe goma na dare. Tun daga nan, idan na gama kallon fim na yarda da shi, tambayar da nake fara yi ita ce wace rana ce tasa.

Maganar kuɗi ba ta daɗe ba ta same ni. Kamfanin da ke rarraba fim yakan karɓi kaso daga kuɗin tikiti, kuma a tsofaffin fina-finai abin da na fi cin karo da shi shi ne kashi 35 cikin 100, tare da wani adadi da dole a biya ko da ba a sayar da kujera ɗaya ba. Sabon fim mai tashe kuwa yakan tafi da rabin kuɗin ko fiye a makon farko, kuma sau da yawa kamfanin zai gindaya sharaɗin a ba shi dukkan lokutan haskawa na mako biyu. Ga gidan da ke da allo goma wannan ba komai ba ne, amma ga mai allo ɗaya yana nufin rufe ƙofa ga duk wani abu na tsawon kwana goma sha huɗu. Da farko nakan raina irin waɗannan fina-finan, ina ganin haska su zubar da mutuncin gidan ne. Mai silimar ya zaunar da ni wata rana ya buɗe mini littafin lissafi, ya nuna mini kuɗin haya da na wuta da albashin ma'aikata, sannan ya nuna mini makonnin da suka biya su. Na fita daga ofishinsa da sanin cewa fim ɗin da ya cika ɗaki a watan Disamba shi ne ke biyan kuɗin wanda mutum talatin za su kalla a watan Fabrairu, kuma wanda ya shigo domin na farkon shi ne zai ga tallan na biyun kafin a fara. Yanzu nakan zaɓi fim mai tashe da irin natsuwar da nake zaɓar kowane, domin a cikinsu ma akwai na ƙwarai akwai na banza.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai ya faru ne a shekarata ta biyu. Na tsara makonni shida na tsofaffin fina-finai daga ƙasashe dabam-dabam, duk a kan ƙaura daga ƙauye zuwa birni, kuma wanda na ɗora komai a kansa shi ne na mako na huɗu. Ina da faifansa a gida, na san ana samun sa, sai na buga jadawali na rarraba tun kafin in kammala maganar izini. Mallakar faifan fim ba ta ba mutum ikon haska shi ga jama'a, wannan na sani, amma na ɗauka neman izinin aikin kwana biyu ne. Kamfanin da sunansa ke bayan faifan ya amsa cewa lasisinsa ya ƙare shekaru da suka wuce. Dillalin da ya sayar musu ya rufe. Wanda ya shirya fim ɗin ya rasu, kuma magadansa ba su daidaita a kan wanda ke da ikon sa hannu ba. Mako biyar ina aika wasiƙu, ranar ta zo ban sami izini ba, dole na tsaya a gaban mutanen da suka sayi tikitin dukkan makonni shidan na ba su haƙuri. Wani ya ba ni shawara in sa faifan kawai tunda babu wanda zai sani, na ƙi, domin haƙƙin wani ne ko da mai shi bai san inda muke ba. Haƙƙin fim a rarrabe yake ƙasa-ƙasa, kowane da wa'adinsa, kuma wanda ke riƙe da shi bana ba lallai ne ya riƙe shi baɗi ba. Tun daga ranar ba na rubuta sunan fim a jadawali sai amsar mai haƙƙi tana hannuna a rubuce.

Wannan wahalar ce ta kai ni ga ma'adanan fina-finai da masu gyaran tsofaffin faya-fayai, kuma a nan na fahimci yadda abin da ya rage mana ya yi ƙaranci. Wani bincike da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka na zamanin da babu sauti sun ɓace gaba ɗaya. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da arzikin adanawa, sai a auna halin da na sauran wurare ke ciki. Shi ya sa nake bibiyar aikin Cineteca di Bologna a Italiya, da na The Film Foundation da mai shirya fina-finai Martin Scorsese ya kafa a 1990, wadda a 2017 ta haɗa hannu da UNESCO da ƙungiyar masu shirya fina-finai ta Afirka, FEPACI, domin nemowa da gyara fina-finan Afirka guda 50. Fim ɗin da aka gyara yakan zo da hoto mai tsabta, kuma an riga an warware maganar haƙƙinsa, abin da ke sauƙaƙa wa ƙaramin gida kamar namu.

Akwai kuma ɓangaren na'ura, wanda a da nake ganin ba ruwana da shi. Yau fim yana zuwa ne a matsayin DCP, wani babban kundin fayil da ake kawowa a rumbun ajiya ko a sauke ta intanet, kuma yawanci a kulle yake. Mabuɗinsa, wanda ake kira KDM, ana yin sa ne domin na'urar gida ɗaya tak, kuma yana aiki daga wata sa'a zuwa wata sa'a da aka ƙayyade. Wata Asabar mun tara mutane sama da ɗari, aka danna fim ya ƙi buɗewa, ashe an yi mabuɗin da lambar tsohuwar na'urarmu da muka canza, ofishin masu rarrabawa kuma a rufe sai Litinin. Laifin rabi nasu ne rabi nawa, domin mabuɗin ya kwana uku a akwatin saƙona ban ce a gwada ba. Yanzu kowane fim sai mun buɗe shi ni da Baba aƙalla kwana biyu kafin ranarsa. Mukan duba farko da tsakiya da ƙarshe, mu saurari ƙarfin sauti daga kujeru uku dabam-dabam, mu tabbatar fassarar da ke rubuce a ƙasan allo ba ta yanke ba kuma tana tafiya daidai da magana. Baba ne ya koya mini lura da siffar hoto. Tsofaffin fina-finai da yawa an ɗauke su ne a ma'aunin faɗi da tsayi na 1.37, kusan murabba'i, na baya-bayan nan kuma galibi 1.85 ne ko 2.39 mai faɗi. Na taɓa ganin sa ya tsayar da gwaji saboda an buɗe wani tsohon fim don ya cika allo, abin da ya yanke saman kan 'yan wasa da tafin ƙafarsu. Ya matso da baƙin labulen gefen allo da hannunsa a hankali har ya rungume hoton daidai, sannan ya ja da baya ya ce, "Yanzu ne muke ganin abin da mai shi ya ɗauka."

Game da bukukuwan baje kolin fina-finai, na Venice da aka fara a 1932, da na Cannes a Faransa da aka fara a 1946, da na Berlin a Jamus da aka fara a 1951, su ne ke tsara shekarar mai irin aikina, domin abin da ya yi suna a can shi ne masu rarrabawa za su kawo mana bayan watanni. FESPACO na Wagadugu a Burkina Faso, wanda ya faro a 1969 kuma ake yi duk bayan shekara biyu, ya nuna mini fina-finan da ba na jin labarinsu a ko'ina. Sai dai biki yana da zazzaɓinsa. Mutum yana kallon fim huɗu ko biyar a rana cikin masu sana'a ɗaya da shi, ga tafi, ga rashin barci, sai ya fito yana ganin ya gano abin da duniya ba ta taɓa gani ba. Sau biyu na ƙulla yarjejeniya cikin wannan zazzaɓin na yi nadama. Yanzu nakan rubuta ra'ayina a daren, in ajiye shi mako biyu, in sake kallon fim ɗin a allonmu da safe lokacin da ɗakin babu kowa. Lambar yabo a jikin fosta takan jawo mutum goma ko ashirin a daren farko, amma daren uku abin da na daren farko suka faɗa wa abokansu ne ke cika kujeru ko ya bar su wayam.

Abin da na fi jin daɗinsa a aikin shi ne jera fina-finai kusa da juna. Henri Langlois, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ma'adanar fina-finai ta Cinémathèque Française a Paris a 1936, ya shahara da haɗa fina-finan da a ido ba su da alaƙa a dare ɗaya, ya bar mai kallo ya gano zaren da ya ɗinke su. Ni ban kai nan ba, amma na ga yadda fim ke canza kama saboda maƙwabcinsa. Na taɓa sa wani fim na labarin gaskiya a kan masunta mako guda bayan wani sanannen fim na soyayya da aka ɗauka a bakin teku, kuma fiye da rabin waɗanda suka zo na biyun sun ce na farkon ne ya jawo su. Haka kuma na koyi tsayawa gaban allo in yi magana kafin a fara. Da farko nakan yi minti goma ina zuba tarihi, har na lura daga fuskoki cewa ina cinye haƙurin da fim ɗin ke buƙata. Yanzu minti biyu ne: dalilin da ya sa na kawo shi, abu ɗaya da za a sa wa ido, da gargaɗi idan tafiyarsa a hankali take. Ba na faɗin yadda ya kamata a ji, kuma ba na taɓa ƙarshen labari.

Gargaɗin nan wata dattijuwa ce ta koya mini shi. Tana zuwa kowace Laraba da rana, kujera ɗaya take zama a layi na biyar, kuma ba ta taɓa tambayar abin da za a haska ba kafin ta sayi tikiti. Wata rana na sa wani fim a kan yaƙi wanda ke da wani wuri mai tsananin tashin hankali, ban rubuta komai a jadawali ba, ban kuma faɗa ba, don ina ganin faɗar za ta rage masa ƙarfi. Ta fito a tsakiya jikinta yana rawa, ta tsaya a gabana ta ce, "Ɗana, ni ba na duba takardarku domin na yarda da kai ne. Da ka gaya mini, da na zaɓa wa kaina ko in shiga ko in koma." Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, na yi kuskure." Mako biyar kujerarta babu kowa, kuma duk Laraba sai na duba. A cikin makonnin nan ne na gane cewa masu zuwa irin gidanmu, da yawansu ba sunan fim ke kawo su ba, amana ce suka ba wanda ya zaɓa. Da wannan amanar ce nake iya kawo musu abin da ba su taɓa jin sunansa ba su shigo, kuma ita ce na yi wasa da ita a ranar. Ban daina haska fina-finai masu nauyi ba, ban kuma yanke ko daƙiƙa ɗaya daga cikinsu ba, amma jimla ɗaya a jadawali da ɗaya a bakin allo sun zama dole. A mako na shida ta dawo, ta gaishe ni kamar kullum, ta wuce layi na biyar.

Son raina ma sai da na sa masa ido. Da na duba jadawalin shekara uku a jere, na tarar kusan duk abin da na zaɓa daga ƙasashe huɗu ko biyar ya fito, mata masu ba da umarni ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, fina-finan yara kuwa sai lokacin hutu nake tunawa da su. Ban yi haka da gangan ba, abin da na saba kallo ne ya bi ni har ofis. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka na ware dare ɗaya a wata na ba wasu su zaɓa: mai sayar da tikitinmu, wata malamar makaranta, ƙungiyar ɗalibai, har da Baba, wanda darensa ya cika ɗakin fiye da yawancin nawa.

A shekara ta huɗu na sake neman izinin fim ɗin nan na daren farko. Wannan karon na ba shi yammacin Lahadi da ƙarfe uku, a ƙarshen wata guda na fina-finai masu tafiyar hawainiya waɗanda na jera daga gajere zuwa dogo. Na rubuta tsawonsa ɓaro-ɓaro a jadawali, na nemi amincewar masu shi muka sa hutun minti goma a tsakiya, kuma a minti biyuna na gaya wa mutane cewa rabin awar farko za ta gwada haƙurinsu, su ba ta dama. Mutum sittin da ɗaya suka shigo. Na zauna a kujerar baya da ɗan littafina a cinya, ina jiran minti na arba'in inda mutanen farko suka fara tashi shekara uku da suka wuce. Wani ya yi tari, wata ta gyara mayafinta, hasken waya ɗaya ya bayyana a gefen hagu ya mutu. Mutum biyu ba su dawo daga hutu ba. Da aka kai ƙarshe sunaye suka fara hawa allo, babu wanda ya motsa, Baba kuma ya bar fitilu a kashe har sunan ƙarshe ya wuce.